WANE NE MAI ƘARFI? DARASI DAGA BAKIN IYAKAR KONGOLAM

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ƙarfi, Mabuwayi, wanda rahamarSa ta yalwaci dukkan komai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa yini a bakin iyakar Kongolam, a ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta masarautar Daura, inda titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure da Daura yake tsallakawa zuwa Matamaye da Damagaram, ya san irin karatun da yaranmu suke ɗauka a can ba tare da allo ko malami ba. Yaro yana kallon wanda ke tsaye a shinge yana ɗaga hannu babbar mota ta tsaya cak. Yana kallon ɗan fito a kan babur yana keta gonakin mutane da kaya, ba mai iya ce masa uffan. Yana kallon attajirin da ake buɗe wa hanya tun kafin ya sauke gilashin motarsa, da ɗan taurin da ke goga wuƙa a ciki ranar biki, da ƙauran da ɗan siyasa ke tafe da shi a bayan mota lokacin zaɓe. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa mai ƙarfi shi ne wanda ake tsoro, wanda ba a taɓa shi a kwana lafiya. Mutumin kirki kuwa, mai sauƙin kai, mai yafiya, sunansa a bakin samari sakarai, ko rago, ko a ce wane ba shi da zuciya.

Wannan fahimta jahiliyya ce tsantsa, ko da mai ita yana sahun farko a masallaci. Ita ke kai saurayi wurin boka neman maganin ƙarfe, ya ɗaura guru da kambu da layun da bai san abin da ke cikinsu ba, ya sayar da tauhidinsa don a ce ba ya huduwa. Ita ke sa magidanci ya ɗauka cewa tsawa da mari su ne girman maigida. Mu kuwa abin da muke cewa, kuma za mu kawo hujjarsa daga abin da ya faru a ƙofar gidanmu, shi ne ƙarfin mutum na haƙiƙa yana cikin abubuwa biyu da ba sa rabuwa: tausayin da ke sa shi ganin wahalar wani, da jaruntar da ke sa shi tashi ya yi wani abu a kai ko da zai cutu.

Mu koma shekarar 2023. A ranar 26 ga Yuli sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Muhammadu Bazoum, Janar Abdurrahman Tchiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu, a ranar 30 ga wata, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka rufe iyakoki, suka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, alhali mafi yawan wutar da ƙasar ke sha a lokacin daga nan take zuwa. A ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Ga ƙarfi iya ƙarfi, irin wanda yaron bakin shinge yake mafarki: jirage, da tankoki, da ikon kashe wa ƙasa guda fitila da umarni ɗaya.

To, a kan wa wannan ƙarfi ya sauka? Janar bai kwana da yunwa ba, ministocin Abuja ma haka. Ya sauka ne a kan mai jegon da ke kwance a asibitin da ba wuta, da mai ciwon sukarin da maganinsa ya maƙale a hanya, da ɗan tiredar da jarinsa ya narke, da makiyayin da ya saba koro dabbobinsa kasuwar Mai'aduwa, da direbobi da yaran mota da suka yi ta kwana a ƙarƙashin manyan motoci kayansu na lalacewa. Kuma waɗannan mutane su wane ne? Iyakar da ta raba mu da su, mai tsawon fiye da kilomita 1,500, wadda ta shafi jihohi bakwai (Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno), Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba su shawarci kakan kowa ba. A Kongolam akwai wanda gwaggonsa ke tsallake, akwai wanda surukansa ke can, akwai wanda ake ɗaura auren 'yarsa da sadakin sefa. Da an harba harsashin farko, da jana'izar a gidajenmu za a yi ta, ta ko'ina ya faɗa.

Abin lura a nan shi ne yadda ƙofofi suka rufe da yadda suka buɗe. A ranar 3 ga Agusta tawagar ECOWAS, da Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar a cikinta, ta sauka Yamai a daidai lokacin da wa'adin yaƙi ke rataye, ta juyo ba ta ga Tchiani ba. Laifin ba na dattawan ba ne, takobin da aka zare a bayansu ne ya toshe musu hanya. A ranar 5 ga wata Majalisar Dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan ɗaukar matakin soja, bayan sanatocin Arewa sun fito sun ce ba su yarda ba. A ranar 9 ga wata Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano, ya shiga Yamai tare da Sarkin Damagaram, ba runduna ba kujera, aka karɓe shi. A ranar 12 ga wata tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da Tchiani. Sai a ranar 19 ga wata Abdussalami ya koma, ya ga Tchiani, ya kuma ga Bazoum. Yaƙin bai auku ba, alhamdu lillahi. A ranar 24 ga Fabrairun 2024, ana gab da azumi, ECOWAS ta ɗage takunkumin bisa dalilan jin ƙai, a watan Maris kuma aka buɗe iyaka. Takunkumin wata bakwai bai mayar da kowa kan mulki ba. Abin da ya biyo bayansa shi ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata a Janairun 2025.

Kada wani ya ɗauka muna wanke masu juyin mulki ne. Sojojin da suka kulle mutum da matarsa a ɗaki, har Yulin 2025 ya cika shekara biyu a tsare ba a yanke masa hukunci ba, su ma irin wancan ƙarfin suke nunawa, ƙarfin wanda makulli ke hannunsa. Mizaninmu ɗaya ne ga Abuja da Yamai.

Akwai abin da ba a buga a jarida ba, amma mun gani da idonmu a waɗannan watanni. Wata dattijuwa mai sayar da tuwo a kusa da tasha ta ci gaba da zuba wa yaran motar da guzurinsu ya ƙare, tana cewa in hanya ta buɗe sa biya, alhali ta san da yawansu ba za ta sake ganinsu ba, kuma tiyar hatsi kullum ƙara kuɗi take. 'Ya'yanta suka yi mata faɗa cewa za ta karya jarinta. Ta ce da su, "Ku ma 'ya'yan wasu ne in kun fita." A daidai wannan lokaci akwai masu rumbuna cike da suka ƙara wa ƙofa kwaɗo suna jiran farashi ya ninka. Muna tambayar mai karatu, tsakaninsa da Allah, cikin biyun nan wa ya mallaki zuciyarsa, wa kuma zuciyarsa ta mallake shi?

Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya karanta Sira. A shekara ta bakwai bayan aiko Manzon Allah (SAW), Ƙuraishawa suka rubuta takardar ƙaurace wa Banu Hashim da Banu Muɗɗalib, ba ciniki ba auratayya, suka rataye ta a cikin Ka'aba. Kusan shekara uku ana tsare a kwazazzabon Abu Ɗalib, har ana jiyo kukan yara saboda yunwa daga waje. Masu ƙarfin Makka, irin su Abu Jahal, suna ganin sun gama da lamarin. Wanda ya fara warware ƙullin shi ne Hishamu ɗan Amru, mutumin da a lokacin bai ma musulunta ba. Yakan ɗora wa raƙumi abinci da dare, ya ja shi zuwa bakin kwazazzabon, ya cire masa akala, ya doke shi ya shiga. Wannan tausayi ne. Amma bai tsaya nan ba, domin ya san raƙumin dare ba zai kawar da zaluncin rana ba. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, Zuhairu ɗan Abu Umayya, da Muɗ'imu ɗan Adiyyu, da Abul Bakhtari, da Zam'atu ɗan Aswad, har suka zama biyar, suka tashi a bainar jama'a, Abu Jahal na wurin, suka ce ba za su ci su sha danginsu na mutuwa ba. Wannan kuma jarunta ce. Da aka je ɗauko takardar aka tarar gara ta cinye ta, sai wurin sunan Allah. Kuma Manzon Allah (SAW) bai manta alherin Muɗ'imu ba, wanda ya sake ba shi mafaka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa: bayan yaƙin Badar ya bayyana cewa da Muɗ'imu na raye ya nemi a saki fursunonin, da ya sake su dominsa.

(A nan sai mu ja kunnen 'yan fasa-ƙwauri, kada wani ya ce shi ma Hishamu ne don yana bin dare da kaya. Hishamu bai karɓi ko dirhami ba. Wanda ya ninka wa mayunwaci kuɗin buhu don iyaka na rufe, abokin takunkumi ne.)

Sai kuma ranar da reshe ya juye da mujiya. Aka kamo Sumamatu ɗan Usal, shugaba a cikin Banu Hanifa na Yamama, aka ɗaure shi a ginshiƙin masallacin Madina. Bayan kwana uku Manzon Allah (SAW) ya sa aka sake shi ba fansa ba sharaɗi. Ya je ya yi wanka, ya dawo ya musulunta da kansa. Daga nan ya hana ƙwayar alkama ko ɗaya fita daga Yamama zuwa Makka, har yunwa ta kama Ƙuraishawa, mutanen nan da suka tsare yara a kwazazzabo. Suka aika Madina suna roƙo da zumunci. Ga dama ta ramuwa ta samu, ba mai cewa an yi laifi. Manzon Allah (SAW) ya aika wa Sumamatu cewa ya bar hatsi ya wuce. Shugabanninmu da suka kashe wa maƙwabta wuta a 2023, da yawansu Musulmi ne, kuma akwai malamai a kusa da su. Ashe ba a taɓa karanta musu wannan ba?

Mun san abin da za a ce. Za a ce duniya ba ta tafiya da tausayi, in ka yi laushi a taka ka, kuma wanda bai iya tsare gida ba ɓarayin daji su kwashe shi. Amsarmu ita ce mai wannan magana ya cakuɗa tausayi da tsoro, alhali tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta sama da ƙasa. Musulunci bai hana kare kai ba, bai kuma ce a bar azzalumi ya sha da daɗi ba. Annabin da ya yafe wa mutanen Makka ranar da ya buɗe ta a shekara ta takwas bayan Hijira, yana tafe da mayaƙa dubu goma, shi ne kuma ya tsaya daram a Hunaini lokacin da sahu ya watse. Yafiyar da ake yabo ita ce ta wanda ke da ikon ramawa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya ɗauke sunan gwarzo daga kan mai ka da mutane a kokawa, ya ɗora shi a kan wanda ke iya riƙe kansa sa'ad da ya fusata. Ka da ƙato abu ne da ko ɗan dambe ya iya. Ka da zuciya a lokacin da jini ya hau kuma sanda na hannunka, wannan sai namijin gaske.

Mutanen Daura ma suna da labarin da ya kamata ya ishe su. Ba ma ɗaukar ƙissar Bayajidda a matsayin hujjar addini, kuma masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kanta, amma mu dubi abin da kakanninmu suka zaɓa su riƙe. An fi tuna takobin da ya sare kan macijin rijiyar Kusugu. An manta cewa abin da ya kai baƙon rijiyar shi ne tsohuwa Ayana ta sauke shi ba ta da ruwan da za ta ba shi, don ba a ɗiba sai ranar Juma'a. An kuma manta da mazajen da gari ya waye suka cika fadar Daurama kowa na cewa shi ya kashe, aka ce su kawo kan, suka yi tsuru-tsuru. Irinsu ba su ƙare ba, kuma inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Jarunta in ta rabu da tausayi kuwa, ta tashi daga jarunta ta koma dabbanci. A ƙarshen Maris 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga suka tare motar mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida yin sallah, gungun mutane suka taru suka kashe goma sha shida daga cikinsu, suka cinna musu wuta. Mun yi kuka, kuma ya cancanci kuka. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau nawa a kasuwanninmu aka yi ihun ɓarawo, ɗaruruwan ƙarti suka rufar wa mutum ɗaya da duwatsu da gorori, ba shaida ba alƙali? Kowane ɗaya daga cikinsu yana jin shi jarumi ne. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to a irin wannan wuri sarkin yawa matsoraci ne, domin ba ɗaya a cikinsu da zai iya abin shi kaɗai. Jarumi a wannan taro shi ne wanda zai ratsa ya tsaya a kan wanda ake duka ya ce a kai shi gaban hukuma.

An samu wanda ya yi haka, kuma a gaban bindiga. A ranar 23 ga Yunin 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar, mafi yawansu Kirista 'yan ƙabilar Birom. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo ɗan shekara 83, ya buɗe musu gidansa da masallacinsa, ya ɓoye mutum 262. Da maharan suka iso suka ce ya fito da su, ya tsaya a ƙofa ya ƙi, ya durƙusa yana roƙonsu, har ya ce su kashe shi a madadinsu. Suka juya suka bar wurin. An kashe mutane da dama a yankin a wannan rana, amma ba a taɓa ko ɗaya daga waɗanda ke bayan ƙofarsa ba. Daga baya ya bayyana cewa shekaru da yawa da suka wuce Kiristocin garin ne suka ba da filin da aka gina masallacin. A Yulin 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo, amma ranar da ya durƙusa a ƙofar masallaci ba ya tsammanin lamba, mutuwa yake tsammani. Ba guru a ƙugunsa, ba ƙauraye a bayansa. A kawo mana ɗan tauri ɗaya da ya taɓa ceton mutum 262 da maganin ƙarfensa.

Yanzu sai mu juyo kan kanmu, mu masu da'awar gyara, don kada mu zama fitilar da ke haska nesa gindinta na duhu. Da yawanmu mun iya zafi a kan raunana. Tsohuwar da ta yi kuskure a alwala, da ɗan ƙauyen da aka gani da laya a wuyan jaririnsa, da almajirin da ya shigo sahu da datti, a kansu muryarmu ke tashi har a ji a bayan gari. Amma in mai kuɗin da ya gina mana masallaci ya danne gonar marayu, ko mai mulki ya hana ma'aikata haƙƙinsu, sai mu tuna da hikima da lallashi. Mun juya abin: tausayin da ya kamaci talaka mun kai wa mai iko, kaushin da ya kamaci azzalumi mun sauke wa talaka. A Agustan 2023 mimbarori da yawa sun yi magana a kan yaƙi, Allah Ya saka musu da alheri. Amma mimbari nawa ne ya ambaci mai rumbun da ke sahun gaba, wanda kowa a masallacin ya san abin da ya kulle?

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa na Kongolam da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu da cikin garin Daura. Ɗan uwan da Allah Ya ba aikin kaki aka ajiye shi a shinge, ya sani cewa talakar da ke ɗauke da tiya biyu ta gero zuwa gidan 'yarta ba abokiyar gaba ba ce, kuma ƙin karɓar na goro a gaban abokan aikin da ke karɓa ya fi harbi wuya. Ɗan kasuwa ya fito da abin da ya ɓoye ya sayar da riba mai albarka. Malaman makarantun Islamiyya su karanta wa yara ƙissar Hishamu da ta Sumamatu kamar yadda suke karanta musu Badar da Uhudu. Kowane masallacin da ke kan titin iyaka ya ware wani abu daga asusunsa don baƙon da hanya ta yanke wa, kuma a sa mutum biyu ko uku da za su riƙa leƙa tasha bayan sallar isha'i su ga ko akwai wanda zai kwana bai ci ba, ko daga wane ɓangaren shingen ya fito. Samarinmu kuma su yi alkawari tsakaninsu tun yanzu, kafin ranar ta zo, cewa in aka yi ihun ɓarawo a kasuwa za su kewaye wanda ake zargi su miƙa shi ga hukuma da ransa.